Zanzaron Ɓarauniyar Hanya

A Illela, in aka ga mace mai shekaruna durƙushe a tsakiyar hanya da rana tsaka, abu biyu ake zato: ko ta yar da wani abu, ko kanta ya kwance. Ni an yi mini zato na uku, wanda ya fi su muni. An ce leƙen asiri nake yi. To ga ni dai, tsohuwar malamar firamare da ta ajiye alli, gwiwa na ciwo, ido sai da tabarau, hijabi ya sha ƙasa, ina bin ƙwaro da waya a hannu. In dai irina ake ɗauka wannan aikin, to aikin ya lalace tuntuni.

Abin ya faro ne daga 'yata. Na ce 'yata, kuma ba zan gyara ba. Ƙanena ne ya haife ta, uwarta ta rasu ko arba'in ba a yi ba, ni kuwa Allah bai ba ni haihuwa ba. Shi da kansa ya kawo ta naɗe cikin zane ya ɗora mini a cinya, kuka ya hana shi cewa komai. Ni da maigidana, Allah ya jiƙansa, muka rene ta da madara da kunu da rashin barci. Da bakinta ya buɗe, Inna ta ce mini, ba Gwaggo ba, kuma babu wanda ya koya mata.

Akwai abin da ake faɗa a garinmu game da zanzaro, mai gina ɗan ɗakinsa na laka a kusurwar bango. Wai shi ba ya haihuwa. Ɗan wani ƙwaro yake ɗaukowa, ya toshe shi a laka, ya yi ta yi masa gunaguni har ya rikiɗa ya zama zanzaro. Ni ga ni siririya, ga babu haihuwa, ga 'yar wani a bayana. Masu raɗa suna ba su sha wahala ba. Ba a taɓa faɗa a gabana ba, amma zancen duniya ba ya ɓuya. Ya yi mini ciwo ƙwarai, shekara da shekaru, sai dai ban taɓa bari an ga alama a fuskata ba.

Yarinya ta girma, ta shiga jami'a a Sakkwato tana karanta ilimin dabbobi da ƙwari. Da ta kai shekarar ƙarshe aka ce kowa ya zaɓi abin da zai yi bincike a kai, sai ta zaɓi zanzaro masu farautar gizo-gizo a yankinmu. Da ta zo hutu ta gaya mini, na dube ta sama da ƙasa.

Na ce, "Duk halittun Allah, ga raƙumi, ga saniya, ki rasa abin bincike sai wanga?"

Ta ce, "Inna, tun ina ƙarama nika jin abin da aka ce miki. So nika yi in san ko gaskiya na."

Ban san ta sani ba. Na tashi na shiga madafa kamar zan duba tukunya, alhali ko wuta ban hura ba.

Washegari ta ɓamɓaro wani gidan zanzaro daga bayan ƙofar rumbu, irin wanda muke jiƙawa mu shafa wa yara in hangum ya kama su. Ta fasa shi a hankali kan faifai. Ciki maƙil da ƙananan gizo-gizo, ba su mutu ba, ba su kuma motsi, an harbe su an kashe musu jiki. A jikin ɗaya akwai wani ɗan fari-fari da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ta ce wannan ƙwai ne, na uwar ne ita kanta. In ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta cinye gizo-gizon nan kaf, sannan ta fito zanzaro. Ashe ba riƙo ba ne, guzuri ne. Kuma duk wannan aikin, farauta da gini, mace ke yi, ko da yake mu "shi" muke cewa.

Amma ba na ɗaki ne ya fi damunta ba. Akwai wasu da ba sa gini a bango, a ƙasa suke haƙa rami. Mu ba mu da wani suna dabam gare su, wani ya ce zanzaro, wani ya ce rina, ni na sa musu zanzaron ƙasa. Ƙugunsu bai kai na ɗaki tsinkewa ba, ƙafafunsu dogaye ne masu ƙaya-ƙaya, suna tafiya da sauri suna karkaɗa fiffike kamar mai jiran a taɓa shi. Ita ta ƙasa gizo-gizo guda take kamawa, babba, wani lokaci ya fi ta girma, ta ja shi da baya da baya har rami. Iri-iri ne, kuma ido ba ya raba su daga nesa. Malamin 'yata ya ce sai ta kawo hotunan da za a iya tantancewa da su, waɗanda aka ɗauka a inda suke rayuwa. Matsalar ita ce sun fi fitowa ƙarshen damina zuwa kaka, lokacin tana tsakiyar karatu da jarrabawa.

Na ce ta bar mini wayarta mai kyau ni in ɗauki hotunan, ta tafi da tawa.

Ta yi dariya har da hawaye. Da ta ga ban yi ba, sai ta zauna ta koya mini. Ta ce hoto ɗaya ba ya isa. Ana so a ga jiki daga gefe, a ga ƙayoyin ƙafar baya, a ga gashin nan biyu na kai, domin na mace kan nannaɗe. A ɗauki gizo-gizon da take ja, don kowane iri da abin da ya fi kamawa, wasu ma har ƙafafu suke yanke masa. A ajiye tsinken ashana kusa don a gane girma. Uwa uba fiffike daga sama, a fili, domin cikinsa akwai jijiyoyi da suka yi ɗaki-ɗaki, kuma da tsarin ɗakunan nan ake sanin dangin kowace. Ta kunna wani abu a wayar da ke rubuta wurin da aka ɗauki kowane hoto, ta ce kada in kashe shi. Wannan abin ne ya kusa raba ni da 'yata.

Makonnin farko abin kunya ne. Na tura mata yashi. Na tura mata inuwata. Na tura wani abu baƙi da na rantse zanzaro ne, ta aiko da murya tana cewa, "Inna, wanga babban yatsan ƙafakki na." Ƙwaron nan ba ya tsayawa. Kafin in gyara tabarau in nemo shi a gilashin waya ya kai Nijar. Kuma a cikin gari ba su da yawa, ko'ina siminti da ledoji da ƙafafun mutane.

Bafulatanar da ke kawo mini nono ce ta ga wahalata. Na nuna mata hoton da 'yata ta bar mini na misali, ta ce ai ta san su, suna nan birjik a wani tudun yashi, in an fita gari ta wajen Araba, inda hanya ta ratsa tsakanin gonakin gero. Ta kwatanta mini wurin, na gane shi sarai. Kowa a Illela ya san wannan hanyar, sai dai ba a kwatanta ta da ƙarfi.

Lokacin an rufe iyaka. Manyan motoci sun yi layi sun gaji, kasuwa ta yi sanyi, masu canjin sefa suna hamma a kan benci. Amma tsakanin mu da Ƙonni ta Nijar ba ƙasa biyu ba ce a wurinmu, gida ɗaya ne da aka ja wa layi a tsakar gida. Ƙofa ta rufu, sai babura suka koma ɓarauniyar hanya, suna ɗauke da buhuna da jarkoki, su tafi da wannan su dawo da wancan. Ƙanena yana da babura a ciki, da samarin da ke tuƙa masa. Ba zan zauna nan in yi wa'azi ba, shinkafar da na ci a shekarar na san hanyar da ta biyo. Wannan tudun yashin yana bakin hanyar, taku kaɗan daga inda tayoyi ke bi.

Na tafi. Zanzaron ƙasa ba ya fitowa da sanyin safiya kamar mutumin kirki, sai rana ta take, yashi ya fara ƙona tafin ƙafa. Na shimfiɗa tsohon buhu na durƙusa, na jira. Sai ga ta. Baƙa wuluk, in rana ta doke ta sai ta yi shuɗi-shuɗi, fiffiken kuma ja ne kamar an tsoma a manja. Tana jan wani tautau, ƙaton gizo-gizo da ya ninka ta, ta kama shi ta gindin ƙafa tana tafiya da baya. Ta ci karo da karan gero, ta saki, ta zaga ta duba, ta dawo ta canja hanya. Ta ajiye shi, ta ruga ta leƙa raminta, ta ga ƙofar ta yi kaɗan, ta hau haƙa tana watso yashi ta ƙarƙashin ciki. Tururuwa suka zo za su yi mata ƙwace, ta fatattake su. Na manta da ciwon gwiwa, na manta da rana. Na daɗe ban ga mai aiki da zuciya ɗaya irin haka ba, kuma ta burge ni.

Na ɗauki gefe, na ɗauki ƙafa, na ɗauki tautau da tsinken ashana kusa da shi. Fiffike ne ya gagara. Ba ta daina karkaɗa shi, duk hoton sai ya fito ja kawai, babu jijiya ko ɗaya. Saboda haka na koma washegari, na sake komawa. Babura suna wucewa. Da fari samarin suna gaishe ni, "Sannu Malama," don rabinsu ni na koya musu baƙi da wasali. Daga baya suka daina gaisuwa, sai su rage gudu su kalli wayar, su kalli juna.

Sai aka yi rashin sa'a. A cikin kwanakin nan ma'aikatan kwastan suka tare wasu kaya can gaba a kan hanyar. Ba na ƙanena ba ne, amma na mutanen da yake zama da su ne. Abin da ke faruwa ne lokaci-lokaci tun kafin a haife ni, sai dai wannan karon akwai wadda za a nuna. An ce an ga Malama tana ɗaukar hoton hanya, an ce wayarta tana rubuta wuri, an ce tana turawa Sakkwato. Abin haushin, duk ukun gaskiya ne. Maƙwabciyata da ke aiko mini da ɗanwake ta daina. Na je gidan suna aka matsa mini wuri fiye da yadda nake bukata. Mai kayan miya ya ba ni canjina bai ɗago kai ba.

Ƙanena ya zo gidana bayan la'asar. Bai zauna ba.

Ya ce, "Yaya, mi kika yi bisa hanyag ga kullum?"

Na ce, "Hoto nika ɗauka."

"Hoton mi?"

"Zanzaro."

Ya kalle ni. Ni na goya shi, na san fuskarsa in yana ganin an raina masa hankali. Na miƙa masa wayar na ce ya duba da idonsa, gani ya kori ji. Ya ƙi karɓa. Ya ce gobe Bappa yana nemana.

Bappa ƙanen mahaifinmu ne, shi kaɗai ya rage mana babba. Ya tsufa, amma kansa garau, kuma shi ma a ƙuruciyarsa ya san ɓarayin hanyoyi fiye da yadda ya san hanyar gonarsa. Na same shi a tsakar gida kan tabarma, ƙanena a gefe. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce ya ji magana, ba ya son ya yanke sai ya ji daga bakina. Na ba shi labari tun daga farko, na matsa kusa na buɗe masa hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ya kai wayar dab da hanci. Babu babur, babu mutum, babu buhu. Yashi, ƙwaro, tautau, ashana.

Ya ce, "Ikon Allah. Wagga ita ka jan wanga ƙato?"

Na ce, "Ita ɗai, Bappa."

Har ya fara murmushi, sai ƙanena ya miƙo hannu ya tsayar da wani hoto. Ya sa yatsa a kusurwa. Sawun taya ne, raɗau a kan yashi, kusa da ramin. Ya taɓa ƙasan hoton, sai ga taswira ta fito da ɗigo a daidai wurin. Ya ce wannan in ya shiga hannun da bai dace ba, mutum nawa za su kwana da yunwa? Ya ce ba ya zargina da mugun nufi, amma waya ba ta da amana, abin da ya shiga cikinta ya shiga duniya.

Tsoronsa ba na banza ba ne, na sani, kuma na faɗa a wurin. Na ce wurin 'yata kaɗai suke zuwa, ita kuma fiffike take dubawa ba taya ba. Na ce hanyar da yaron goye ya sani, wadda ake jin ƙarar baburanta daga masallacin Juma'a, ba hotona ne zai tona ta ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, shi ya sa kowa ya firgita da tsohuwa da tsinken ashana. Na yarda in yanke sawun taya daga kowane hoto, na yarda in juya wa hanya baya in zan ɗauka. Ya ce a'a. A goge duka, yanzu, gaban Bappa, kuma kada in sake taka wurin.

Na ce, "Ba ni gogewa. Karatun yarinya na. Lokacinsu ya kusa wucewa, in sunka ɓace sai baɗi."

Ya ce, "Wace yarinya? Ɗiyata ta. Ni na haihe ta. In ba ki gogewa, to in anka yi hutu gidana za ta sauka, kuma nan za ta zamna." Ya ja numfashi, sannan ya faɗi abin da gari ya shekara ashirin yana faɗa a bayana. "Dama ke zanzaro ta. Kin ɗauki ɗiyar wani kin toshe ga laka, har kin manta ba taki ba ta."

Bappa ya daka masa tsawa, amma magana ta riga ta fita. Na ji ta har cikin ƙashina. Da a ce bara ne, da kuka zan yi in tashi in tafi. Amma na ga cikin gidan zanzaro da idona a kan faifai.

Na ce, "Kai ba ka san zanzaro ba, ni na sani. Abin da zanzaro yaɗ ɗauko yat toshe ga laka, cinye shi aka yi, ko ƙafa ba ta saura. Dibi ɗiyakka. Na cinye ta?"



Na ƙara da cewa, "Kai kak kawo ta cikin zane, ba satowa niy yi ba. In za ka amshe ta, amshe. Ikonka na, ba ni ja da kai ga wanga. Amma ba ka amsat ta da rabin karatu."

Bappa ya daɗe yana jan carbi. Ya ce shi ba zai iya hana uba 'yarsa ba, ba zai kuma iya tilasta wa mai furfura ta goge abin da babu haram a ciki ba. Ya ce mu ji tsoron Allah mu duka. Wato dai ya bar kaza cikin gashinta. Na yi masa sallama na fito.

Ban gaya wa 'yata ba, tana cikin jarrabawa. Kwana na yi ina juyi. Tsoro nake ji, tsoro na gaske, domin a garinmu in uba ya ce 'yarsa ta dawo, babu alƙalin da zai ce a'a, ita kuma yarinya ce mai biyayya, ni na koya mata. Ɗakinta yana kallon nawa. Na yi ta tunanin yadda zan riƙa wuce ƙofar nan a rufe. Sau da yawa na ɗauki wayar na kai yatsa kan wurin gogewa. Sai in tuna yadda ta ce so take ta san ko gaskiya ne. Saboda ni ta ɗauko wannan aikin, ba zan zama ni ce na kashe shi ba.

Da rana ta take na ɗauki buhuna na koma.

Samarin sun ga abin mamaki. Wani ya zo ya tsaya kusa da ni yana murza babur don yashi ya tashi. Na ɗago na kira shi da sunan da uwarsa ke kiransa, na tambaye shi ko har yanzu yana rubuta bakwai a juye. Ya ja babur ɗinsa ya tafi. Na ci gaba da zuwa. Na juya wa hanya baya kamar yadda na yi alkawari, duk da ba a karɓi alkawarin ba. Gero ya nuna aka fara girbi, zanzaron suka fara raguwa, ni kuma har lokacin babu fiffike.

Haƙuri ne ya koya mini dabarar, ba wayo ba. Na lura in ta gama tura tautau cikin rami ta toshe ƙofa, takan hau wani abu ta tsaya tana goge kai da ƙafafun gaba. Ɗan lokaci ne ƙanƙani, amma a nan fiffiken ke kwanciya. Sai na daina bin ta. Na zaɓi wani ɓawon kara kusa da rami, na saita wayar a kansa, na jingina gwiwar hannu a ƙasa, na jira ta ta zo inda nake. Gumi yana shiga mini ido, ƙuda suna yadda suka ga dama da ni. Ta gama aikinta, ta zaga, ta zo ta hau karan. Na danna, na danna, na sake dannawa. Da na koma inuwar wata aduwa na buɗe, sai ga jijiyoyi sun fito ɗaki-ɗaki, kamar an zana da bakin allura. Na zauna a gindin itacen na yi kuka, ni kaɗai, babu kunyar kowa.

Na tura wa 'yata hoton, da yamma ta kira ni tana ta murna. Ta ce da wannan fiffiken da ƙayoyin ƙafa an gane danginta, an gane gidan da ta fito a cikin dangin. Ainihin sunanta ita kanta kuwa hoto ba ya bayarwa, sai an kama ɗaya an duba a madubin ƙara girma, kuma malaminta ya ce ta rubuta hakan ɓaro-ɓaro, kada ta yi da'awar abin da hoto bai nuna ba. Na ce wannan malamin ɗan halak ne.

Ta ce, "Inna, Baba ya kira ni. Yac ce in na taho gidanshi za ni sauka."

Na ce, "To ki yi abin da yac ce. Ubanki na."

"Ke mi kinka ce?"

"Na ce ki gama jarrabawa."

Ranar da ta dawo, ƙanena da kansa ya je tasha. An gaya mini ya ɗaure jakarta a bayan babur, ita ta hau kabu-kabu ta bi shi. Na dafa tuwon gero da miyar kuka da man shanu, abin da ta fi so, duk da na san ba nan za ta sauka ba. Na zauna da shi har ya huce, na yi sallar almuru, na rufe ƙofa. Ban aika ba, ban kira ba. Na riga na ce ikonsa ne, ba zan lashe amaina ba.

Washegari zaman gidan ya gagare ni. Kakar ta kusa ƙarewa, na san da wuya in ga ko ɗaya, kuma aikin ma an gama, amma na ɗauki buhuna na fita. Na durƙusa a tudun yashin nan ina kallon ramukan da aka toshe. Can sai ga wata 'yar ƙarama, wata iri dabam, baƙa da ɗigon fari, tana jan gizo-gizon da ta yanke wa ƙafafu. Na laluba jakata na ga na manta ashana. Ina cikin tsaki sai inuwa ta faɗo kan yashin, wani hannu ya ajiye tsinke daidai inda ya kamata.

"Inna, matsa kaɗan, kina tare mata haske."

Na matsa. Ta durƙusa kusa da ni a kan rabin buhun, da sabon hijabinta, gwiwarta tana taɓa tawa. Ban tambaye ta komai ba. Ayarin babura ya taso daga wajen gari, na ji muryar ubanta a cikinsu. Suka rage gudu, suka tsaya. Ita ba ta ɗago ba sai da ta ɗauki hotonta, sannan ta juya ta gaishe shi da ladabi kamar yadda aka koya mata, ta ce ta fito taya Inna aiki, daga nan gida za mu wuce don akwai tuwon jiya da za a ɗumama. Ya dube ta, ya dube ni. Ni ma na dube shi, ban sunkuyar da kai ba. Ya tayar da babur, ya kauce wa ramin, sauran suka bi sawunsa.

Jakar tana gidansa har yau. Ban aika a ɗauko ba, shi ma bai aiko da ita ba. Da sallah yakan zo ya gaishe ni, in kawo masa fura, mu yi zancen ruwa da tsadar taki, babu mai ambaton jaka. Zannuwan da ke ciki ma ai sun daɗe da fita yayi, na ɗinka mata wasu.